Azurfar da Na Ɗebo wa Yashi

Shekarun baya, tun ina da gashi a tsakar ka, na yi wani abu a Kafanchan wanda har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Wasunku da suka taɓa zuwa gidana sun tambaye ni labarin wata 'yar azurfa da nake ajiyewa a cikin gidan tabarau, mai sheƙi kamar sabon cokali, wadda in ka duba ba ka ganin komai a jikinta sai wani gicciye da ya kusa shafewa da 'yan furanni. Kullum nakan ce dogon labari ne. To yau ga shi, amma ku sani tun yanzu ba ni ne mutumin kirkin cikin labarin ba.

A lokacin ina koyar da tarihi a ƙananan azuzuwan wata sakandare a bakin gari. Ina zaune a ɗaki biyu na haya tare da mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauyenmu kusa da Godogodo bayan rasuwar mahaifina. Abokina na ƙud da ƙud guda ɗaya ne. Iyayensa mutanen gabas ne, aikin reluwe ya kawo su, amma shi a Kafanchan aka binne cibiyarsa. A gidansu na zauna lokacin da aka kawo ni firamare daga ƙauye, tabarma ɗaya muka yi ta kwana. Da rikici ya tashi suka tafi gida, mahaifiyarsa ta bar wa mahaifiyata tukwanenta da wani babban farantin tagulla. Bayan yaƙin basasa da suka dawo, mahaifiyata ta ɗauko kayan nan a ka ta mayar mata, suna walƙiya fiye da ranar da aka bar su. Matan biyu suka rungume juna suna kuka a kan faranti.

Dole in yi muku bayanin mahaifiyata, don in ba ku san ta ba ba za ku gane sauran ba. Bayan coci, aƙidarta ɗaya ce a duniya: ba a miƙa wa mutum abu da datti. Ko ƙwarya ta ara, sai ta kankare ta kafin ta mayar. Kowace Asabar takan baje kayanta a tsakar gida, ga toka, ga lemun tsami, ga wani shimfiɗaɗɗen dutse da take goge awarwaro a kai. Matan unguwa har tukwanen bikinsu suke kawo mata. A wurinta baƙi a jikin ƙarfe alamar lalaci ce, ba wani abu ba.

Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, sai na shiga tara tsofaffin sulalla kafin su ɓace. Anini, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, duk na zuba a gwangwanin madara ina kai wa ɗalibaina su gani. Wata rana a ɗakin malamai malamin Faransanci ya tarar na baje su a kan tebur. Bafaranshe ne, mai ɗan shekaru, siriri, ya taɓa koyarwa a Damagaram, don haka Hausarsa ta fi tamu tsufa. Ya ɗauki sule ya juya shi, ya tambaye ni ko na san inda aka samo lissafin nan na kwabo goma sha biyu a sule, sule ashirin a fam. Na ce daga Ingila mana. Ya yi dariya ya ce Ingila ma aro ta yi, wani babban sarkinsu ne ya kafa tsarin sama da shekara dubu da ta wuce. Ya ce in zo gidansa ranar Asabar in ga iyayen sulena.

Na je, kuma saboda ba na zuwa ko'ina ba tare da abokina ba, na ja shi muka tafi tare. Wannan shi ne kuskuren da na yi ta zagin kaina a kai daga baya.

Bafaranshen ya fito da wani akwatin katako mai shimfiɗar jan ƙyalle a ciki, an yi masa 'yan ramuka, kowane rami da kuɗin azurfa guda. Ba su kai talatin ba. Sirara ne, baƙaƙe-baƙaƙe, gefunansu ba su daidaita ba, sai ka ce yaro ne ya yanka su da almakashi. Babu hoton fuskar sarki a yawancinsu, sai gicciye da rubutu a zagaye. Ya ce tun yana saurayi yake tara su, kuma kowane ɗaya yana da sarkinsa. Daga nan ya shiga ba mu labari. Ashe su ma Faransawa laƙabi suke yi wa sarakunansu ba kunya: akwai Mai Sanƙo, akwai Mai Ƙiba, akwai Kyakkyawa. Abokina ya ce ai waɗannan duk yana aiki da su a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa.

Amma wadda ta ɗauke mini hankali ita ce babbar cikinsu. Ta kusa faɗin sule biyu na da, gefe ɗaya gicciye da layi biyu na rubutu, ɗaya gefen wani zane kamar ƙofar ganuwa, an zagaye shi da 'yan furanni goma sha biyu, kowane a cikin da'irarsa. Ya ce furannin tambarin gidan sarautarsu ne, ita kuma daidai take da ƙananan goma sha biyu. Sarkin da ya buga ta mutum ne mai ibada, yakan fita ya zauna a gindin wani babban itace talakawa su kawo masa ƙara ba ɗan aike a tsakani. Ya tafi yaƙi ƙetaren teku, aka kama shi a Masar, aka fanshe shi, ya dawo gida ya gyara kuɗin ƙasarsa, daga baya ya sake fita, ciwo ya kashe shi a ƙasar Tunis. Azurfar ta haura shekara ɗari bakwai. Muka sa masa suna Sarkin Gindin Itace. Da aka ɗora mini ita a tafin hannu, wallahi ban so in mayar masa ba.

Tun daga ranar, Asabar ta zama ta gidan Bafaranshe. Ni na ɗauki abin da zafi. Na haddace jerin sarakunan nan kaf, wa ya haifi wa, wa ya gaji wa, har ina iya jero su ta baya. In na gama zubawa sai ya ce, "Da kyau, malam," ya ci gaba da shan shayinsa. Shi kuwa abokina makaniki ne, gyaran kan jirgi yake yi, ba ruwansa da wa ya haifi wa. Sai ya ɗauki gilashin ƙara girma ya ƙura wa kuɗi ido shiru.

Wata rana yana duban babbar azurfar nan sai ya ce, "Oga, mutumin da ya buga wannan ya gaji fa."

Bafaranshen ya ajiye kofi. "Yaya ka sani?"

"Dubi nan. Ya buga guduma sau ɗaya bai kama ba, ya sake bugawa, hannu ya goce kaɗan. Shi ya sa ƙafan gicciyen ya zama biyu. Ni ma in yamma ya yi haka nake yi."

Mutumin nan ya karɓi gilashin ya duba, ya duba, sannan ya tashi tsaye ya kama hannun abokina yana girgizawa. Ya ce shekara ashirin tana hannunsa bai taɓa lura ba. Wani makon kuma abokina ya ɗauki wata ƙarama ta zamanin Kyakkyawa, jikan Sarkin Gindin Itace, ya kalli gefenta ya ce wannan an cuci mutane, jan ƙarfe ya yi yawa a ciki. Bafaranshen ya tafa, ya ce haka ne, sarkin ya rage azurfar kuɗinsa don yaƙi ya cinye masa baitulmali, har talakawansa suka tsane shi. Ni na san wannan labarin tun makonni uku da suka wuce, na ma faɗe shi a ɗakin nan, ba wanda ya tafa mini. Na zauna ina dariyar yaƙe.

Akwai Asabar ɗaya da abokina yana bakin aiki, na je ni kaɗai. Ina riƙe da babbar azurfar sai na hura mata iska na kama gefen rigata zan goge. Ban san tsohon nan yana da sauri haka ba. Ya cafke wuyan hannuna ya ce, "Kul! Kada ka kuskura. Baƙin nan da kake gani shi ne shekarunta. Azurfa tana da laushi, in ka goge ta rubutun zai tafi, kuma ba ya dawowa. Wanda ya wanke ta ya kashe ta." Na ba shi haƙuri. Ku riƙe wannan, don ni kaɗai aka faɗa wa, kuma ban taɓa gaya wa abokina ba.

Da wa'adin aikinsa ya cika zai koma ƙasarsu, ya kira mu sallama. Ni dai tun a hanya zuciyata take raya mini abu. Wa ya san sarakunan nan kamar ni? Wa ya kawo ɗan'uwansa gidan? Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan littafi mai zanen kuɗaɗe da jerin sarakuna, ya miƙo mini. Sannan ya buɗe akwati, ya ciro azurfar Sarkin Gindin Itace, ya ɗora a tafin hannun abokina mai baƙin mai a farce.

Ya ce, "Kai kana da sarakuna a ka, ga littafinsu. Kai kuma kana da hannu, ga aikin hannu. In kuna so ku gane ta sai kun zauna tare." Ya juya ga abokina ya ƙara da cewa, "Duk abin da ya shafe ta ka tambayi malam, ya san yadda ake riƙonta."

Na ce na gode. Ni takarda, shi azurfa. Littafin ma da Faransanci yake, wanda ban iya ba sai gaisuwa.

Jama'a, na yi hassada. Ba zan sa mata wani suna mai daɗi ba. Abokina ya sa azurfar a cikin kwalin ashana da auduga, yana yawo da ita a aljihun rigar aiki. Yana nuna wa mutanen loko yana cewa, "Wannan na wancan mai itace ne," ko shekarun sarautarsa bai sani ba. Duk lokacin da ya ciro kwalin nan sai in ji kamar an taka mini ƙafa. Na zauna da ƙamus na yi kwana uku ina haƙilon littafin nan, ba don ilimi ba, don in nemo wa azurfar aibi. Na kuwa samu. Na je na ce masa littafi ya ce irinta da yawa aka buga, a Faransa ba wani abin mamaki ba ce.

Ya ce, "To Ticha, amma a Kafanchan ɗaya ne ko?"

Na rage zuwa gidansu. In ya zo namu sai in ce ina da takardun yara da zan duba. Mahaifiyata ta lura, ta tambaye ni ko mun yi faɗa da ɗan'uwana, na ce aiki ne ya yi yawa. Ta dube ni irin kallon da uwa take yi wa ɗan da ya ce bai taɓa miya ba alhali ga manja a leɓensa.

Ana nan cikin damina sai takarda ta zo, na samu gurbin ƙaro karatun tarihi a Zariya. Abokina ya fi ni murna, ya ɗaga ni sama a gaban mutane har hulata ta faɗi. Saura mako biyu in tafi, ranar wata Asabar da safe, mahaifiyata ta baje tokarta a tsakar gida, ni kuma ina kan benci da littafi, sai ga shi ya shigo da rigar aiki. Ya durƙusa ya gaishe ta, suka yi wata magana ƙasa-ƙasa wadda ban ji ba, na ga tana murmushi tana gyaɗa kai. Sannan ya zo wurina ya ciro kwalin ashana.

Ya ce, "Ticha, Bature ya ce komai in tambaye ka. Abin nan ya yi baƙi da yawa. Ina so Mama ya wanke mini shi kamar yadda ya yi wa farantin mama na. Ba matsala ko?"

Na ji muryar tsohon nan a kunnena sarai, har da zafin yatsunsa a wuyan hannuna. Kalma ɗaya ce kawai ake bukata daga gare ni. Na dubi kwalin, na dubi baƙin man da ke farcensa, na ce, "Wace matsala? Azurfa ai da haske aka san ta."

Ya miƙa wa mahaifiyata, ya ce zai dawo bayan an tashi aiki, ya fita yana fito.

Ta juya ta a hannu ta ce, "Kai, wannan Bature ba shi da mata ne? Abu ya yi baƙi kamar gindin tukunya." Ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa toka, ta shiga murzawa da tsumma. Saman ya fara haske, amma baƙin da ke cikin lungunan rubutun ya ƙi fita. A nan da na tsaya, da ɓarnar ba ta yi yawa ba. Tana murzawa sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Wannan abu zai je hannun babban mutum, dole ya yi kyau."

Babban mutum. Wato kyauta ma zai yi da ita. Nan take na ƙaddara wa ogansu na loko zai kai, ko baban yarinyar da yake nema, mutanen da ba su san Mai Sanƙo daga Mai Ƙiba ba. Ni ina nan zaune, ni da na haddace zuriyar gidan kaf, ba a ko tuna da ni ba.

Ta ce, "Toka ba zai iya ba, sai yashi. Nawa ya ƙare, ƙafa na kuma yau ba zai kai ni rafi ba."

Na rufe littafi na ce, "Kawo ƙwaryar, Mama."

Da ƙafata na gangara rafin bayan unguwa. An yi ruwa da asuba, na shiga har gwiwa, na zaɓo yashi mai laushi daga tsakiya, na kawo mata. Ta zuba a kan dutsenta, ta yayyafa ruwa, ta kifa azurfar a kai ta danna da babban yatsa, ta shiga zagayawa tana waƙar coci. Har yau ina jin ƙarar nan, shuu, shuu. Na zauna na buɗe littafi ina kallon shafi ɗaya. Ta gama gefe ɗaya ta juya ɗayan. Da ta ɗauraye ta ɗaga ta a rana, sai da na kare idona.

"Ka gani? Yanzu ya zama abin mutane."

Na karɓa na duba. Layin rubutun waje ya tafi gaba ɗaya. Ƙafar gicciyen nan mai biyu, wadda maƙerin da ya gaji ya bari, babu ita. Na ƙirga furannin, huɗu suka rage da rabin na biyar. Shekara ɗari bakwai ta bi hannun mutane ba abin da ya same ta, sai da ta zo tsakar gidanmu, kafin ruwan koko ya tafasa. Na jira in ji daɗin da na yi tsammani, ban ji komai ba sai sanyin jiƙaƙƙen wandona.

Da yamma ya dawo. Mahaifiyata ta miƙa masa a cikin farin ƙyalle tana alfahari. Ya buɗe. Ya shafa babban yatsansa a kai a hankali, gefe da gefe, kamar mai neman abin da ya faɗi a ciyawa. Mutumin da ya ga gajiyar maƙeri a jikin ƙarfe ba sai an gaya masa abin da ya faru ba. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya durƙusa ya ce, "Mama, na gode, ya yi haske sosai. Allah ya ƙara ƙarfi." Ya mayar da ita kwalin ashana ya tafi. Bai ci abincin da ta zuba masa ba.

Makonni biyun nan ban gan shi ba, ban kuma neme shi ba. Na ce a raina shi ke nan, na tafi Zariya kowa ya huta.

Ranar tafiya da hantsi muna tasha ni da mahaifiyata, ga akwatina, ga ƙunshin acca da ta dage sai na tafi da shi. Jirgin Kaduna ya iso, na shiga na samu wuri kusa da taga. Har an busa usur sai na hango shi yana ketowa ta kan layin dogo daga wajen loko, yana goge hannu a jikin riga. Ya zo gindin tagar ya miƙo mini kwalin ashana.

Ya ce, "Riƙe, Ticha. Tun ranar da Bature ya ba ni na san naka ne. Ni ƙarfe kawai na sani, kai ka san mutumin. Na ce bari in jira babban rana, kuma Mama ya koya mana ba a ba mutum abu da datti." Ya ƙara da cewa, "Na so in ba ka shi da fure goma sha biyu. Ka yi haƙuri, ni na kai shi wanki."

Mahaifiyata tana gefe tana dariya tana cewa, "Ban gaya maka zai je hannun babban mutum ba?"

Jirgi ya ja. Ko na gode ban ce ba. Na riƙe kwalin nan da hannu biyu, na kifa kaina a jikin taga, na yi kuka kamar ɗan firamare. Wata tsohuwa da ke gabana ta miƙo mini ayaba ta ce in yi haƙuri, kowa da haka ya fara barin gida. Na karɓi ayabar na bar ta da fahimtarta.

Wata uku na yi a Zariya abin nan yana cin raina. Da muka samu hutun Kirsimeti, ko gida ban fara zuwa ba, na wuce loko da akwatina a hannu. Na same shi a gindin wani kan jirgi yana cin rogo da ƙuli. Na zauna a kan wani ƙarfe na faɗa masa komai, gargaɗin Bafaranshe, ƙamus, da abin da na raya game da ogansu. Ya saurara yana tauna, har na kai ƙarshe.

Ya ce, "Na sani."

Na ce ya san me.

"Tun ranar. Mama ba ya zuwa rafi in an yi ruwa. Kuma wandonka yana kan igiya, ƙafan ya jiƙe har gwiwa, ga yashi a jiki."

Na ce to don me ya ba ni, bayan ya san abin da na yi?

Ya karya rogon biyu ya miƙo mini rabi. "Na yi fushi, ba zan yi maka ƙarya ba. Sati biyu ina fushi. Sai na zauna na yi tunani, abin nan tun kafin yashi naka ne. Mutum ya ɓata kayansa da hannunsa, ni mene ne nawa a ciki?"

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Ni nawa har rafi na je na ɗebo masa yashi.

Mahaifiyata ta rasu ba ta san ta ɓata komai ba. Mu biyu muka yi shawara kada a gaya mata, don a wurinta aikin nan yana cikin mafi kyau da ta taɓa yi, kuma da zuciya ɗaya ta yi wa ɗanta. Bafaranshen na rubuta masa wasiƙa sau biyu, ban samu ƙarfin halin ambatar azurfar ba. Littafinsa kuwa sai da na koyi Faransanci na karanta shi tun daga farko, muka riƙa zama da abokina ina fassara masa yana duba zanen yana gaya mini wane maƙeri ne gwani, wane ne ragon aiki. Ashe abin da tsohon ya nufa ke nan, ni ina can ina auna takarda da azurfa.

Na yi shekaru ina koya wa yara labarin sarakunan da suka rushe gidajensu saboda ƙyashin ɗan'uwa, ina girgiza kai a gaban allo kamar ban san yadda ake yi ba. Na sani sarai. Ba ta zuwa da ƙaho, hassada, takan zo ne da hujja, ta ce maka kai ka fi cancanta, kuma wani lokacin ma gaskiya take faɗa. Abin da ba ta gaya maka shi ne wa zai kwana da ɓarnar.

Abokina ya riga ni tafiya, shekara shida ke nan. Wani mai sayen tsofaffin kuɗi ya taɓa ganin azurfar ya ce da ba a goge ta ba da ta yi daraja, yanzu kam sai dai a narka. Na ce masa na sani, na san wanda ya yi aikin. Jikokina in sun zo sukan ciro ta su ƙirga furannin, su tambaye ni ina sauran bakwai da rabi. Da can nakan ce tsufa ne ya cinye su. Yanzu na daina, nakan ce musu kakanku ne ya ɗebo yashin.